Kada Ka Fita Fatauci Hannu Rabbana

Wani matashi daga Mamobi da ke Akra ya aiko mini da doguwar wasiƙa. Shekararsa huɗu yana rubutu a kan wayoyin hannu da manhajoji, yana kuma gabatar da ɗan gajeren shiri na Hausa a wani gidan rediyo duk mako. Ya ce aikin ya fara yi masa ƙunci: yau sabuwar waya, gobe sabuwar waya, jibi taron kamfani a otal. Yana ganin takwarorinsa na Legas da Nairobi suna yawo ƙasa-ƙasa, sunayensu na fitowa a manyan jaridu. Tambayarsa ita ce, ya ajiye aikin ya kama hanya, ko ya zauna? In kuma zai fita, ta ina zai fara?

Ƙanena, na ji kukanka, kuma ban ga laifinka ba. Ɗan zango bai gaji zama wuri ɗaya ba. Sunan unguwannin namu ma daga tafiya ya samo asali, wato wurin da ayari ke sauke kaya ya huta kafin ya ci gaba. Sai dai ka tuna yadda kakanninmu suka yi fataucin Gwanja. Babu madugun da ya tashi daga Kano ya nufi Salaga da jakuna babu lodi. Kanwa suka ɗauko, da rini, da fatu, suka koma da goro. Kai ma abin da zan fara tambayarka shi ne: wane kaya ka ɗaura? Idan bayanin kyamarar sabuwar Tecno ne, akwai dubun masu yin sa a Legas, kuma sun riga ka samun wayar. Editan da ke Nairobi ko Landan ba zai biya ka a kansa ba. Abin da zai saya shi ne labarin da in ba kai ba, babu mai iya kawo masa, kuma wannan labarin yana bakin ƙofarka.

Ka fito titin Nima da hantsi ka tsaya gaban rumfar mai momo, wato mai tura kuɗi da cire su ta waya. Ka nemi izininsa ka zauna gefe na awa biyu, littafinka a hannu, bakinka a rufe. Za ka ga Hajiya mai waken shinkafa ta turo yarinya da cinikin safe a ƙulle cikin leda. Za ka ga dattijon da ba ya karanta boko ya miƙa wayarsa ya faɗi lambar sirrinsa da ƙarfi, kowa na ji, domin ya yarda da yaron tun yana ƙarami. Wata za ta zo idonta jawur, an kira ta an ce an yi kuskuren turo mata kuɗi, ta mayar, ashe nata ta tura. Shi kuma mai rumfar yana rubuta kowace shiga da fita a tsohon littafin makaranta, yana lissafin ko kuɗin da ke cikin layinsa za su kai shi la'asar. A awa biyun nan ka ga amana, ka ga damfara, ka ga jari, ka ga inda fasaha ta taimaki wanda bai yi boko ba da inda ta bar shi a rana.

Yanzu ka ɗora wannan a kan abin da ya faru a ƙasa baki ɗaya. MTN ta kawo momo Gana a 2009. A watan Mayun 2018 aka haɗa layukan ta yadda kuɗi za su iya tsallakawa daga wannan kamfani zuwa wancan. A ranar 1 ga Mayun 2022 gwamnati ta fara cire harajin kashi 1.5 cikin ɗari a kan tura kuɗi ta waya, aka rage shi zuwa kashi 1 a farkon 2023, sannan aka soke shi a watan Afrilun 2025. Jaridu sun yi ta kawo cacar bakin 'yan majalisa a kan wannan haraji. Amma wa ya zauna da matan kasuwar Nima ya tambaye su yadda suka koma ɗaure kuɗi a bakin zane, da ko sun dawo bayan an soke? Wannan tambayar tana nan tana jiran mai yin ta da harshen da matan za su saki jiki su amsa.

Akwai wanda ya fi wannan nauyi. Daga watan Oktoban 2021 aka wajabta sake rajistar layin waya da katin ɗan ƙasa, aka yi ta ɗaga wa'adi, daga bisani aka toshe layukan da ba a yi musu ba. A wurin mutumin Osu ko Dansoman, matsalar dogon layi ce da zafin rana. A zango kuwa, mutane da dama sun koka cewa sunansu kaɗai ya isa a fara tambayarsu inda aka haifi kakansu. Wanda ya tashi a cikinmu ya san abin da wannan tambaya ke tonowa a zuciyar tsofaffi, domin sun ga 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takardu wa'adin barin ƙasa, gidaje suka watse, maƙwabta suka shiga mota ba a sake ganinsu ba. To ga na'urar ɗaukar zanen yatsa, ga tsohon tabo na shekara hamsin da ɗoriya, ga layin waya wanda a cikinsa kuɗin mutum suke. Ɗan jaridar da ya iya haɗa waɗannan uku a rubutu ɗaya ya wuce mai sharhin wayoyi, ya shiga maganar shari'a da tarihi da tattalin arziki ba tare da ya bar fagensa ba. Faɗin da kake nema a nan yake farawa. Kuma tun da Najeriya ma ta haɗa layin waya da lambar shaidar ɗan ƙasa tun daga ƙarshen 2020, ka sami abin kwatantawa, wato ka sami dalilin tafiya.

Haka ranar 14 ga Maris 2024, da igiyoyin intanet na ƙarƙashin teku suka yanke, Gana da maƙwabtanta suka wayi gari a cikin duhu. Kowa ya rubuta sunayen igiyoyin. Kaɗan ne suka je suka ga abin da ya sami mai sayar da atamfa ta WhatsApp, ko gidan da ke jiran saƙon ɗansu daga Jamus ko Amurka ana cikin azumi.

Ka riƙa zuwa Circle, layin Tip Toe na masu sayar da waya da gyaranta, ko da ba ka da abin gyara. Ka sami mai gyara guda ɗaya ka riƙe shi aboki. Ka kalli yadda yake ɗaga gilashin waya da iska mai zafi, ya kwantar da ƙananan kusoshi a jere a kan farar takarda, ya ciro wata ƙwayar abu daga matacciyar waya ya dasa wa mai rai. Ka tambaye shi daga ina kayan gyaran suke zuwa, wa ke kawowa, da wane kuɗi ake biya, me tashin dala ke yi masa. Amsoshinsa za su kai ka Ikeja da Dubai da Sin tun kafin ka yanki tikiti.

A nan sai na ja kunnenka a kan wani aiki da tabbas zai zo maka. 'Yan jaridar ƙasashen waje sukan sauka Akra suna neman ɗan gari mai rakiya da tafinta. Shekara da shekaru Agbogbloshie suke nufa, suna kiransa juji mafi girma a duniya na tarkacen lantarki, alhali masu bincike da suka auna wurin sun musanta hakan. An rushe wurin a watan Yulin 2021, kyamarori suka tafi, masu sana'ar suka warwatsu cikin gari da wajensa. In kuma Nima suka zo, kalma ɗaya ce a bakinsu: sakawa, wato damfarar intanet. Aikin rakiya halal ne, yana kawo kuɗi, yana kuma koya maka yadda manyan kafafe ke aiki. Amma kafin ka ɗaga ƙafa ku yi magana uku: nawa za a biya ka a yini, za a sa sunanka a cikin waɗanda suka haɗa labarin ko a'a, kuma me za a yi da hotunan mutanen da za ka kai su wurinsu. Su jirgi za su hau. Kai ne za ka haɗu da mutanen nan a masallaci ranar Juma'a.

Hira kaɗai ba ta isa. Edita zai tambaye ka hujja, saboda haka ka saba da takardu. Babban Bankin Gana yana fitar da alƙaluman hada-hadar momo a kai a kai, hukumar sadarwa ta NCA tana fitar da na masu layuka, duk kyauta ne a shafukansu. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2019 ta ba ka damar rubuta wa ma'aikatar gwamnati ka nemi bayani, ta kuma ɗora wa jami'in amsa cikin kwana 14. Sau da yawa sai ka bi, ka sake bi, amma ko shirun nasu abin rubutawa ne. Ka koyi aiki da jadawalin lissafi na kwamfuta har ka iya fitar da kaso cikin ɗari da kanka. Mako biyu na naci ya isa, kuma zai raba ka da yawancin masu neman aikin da kake nema.

Sai maganar harshe, wadda ita ce babban jarinka, kodayake ban ga ka ambace ta a wasiƙarka ba. Hausarmu ta Akra ita ce mabuɗin bakin mutane a Nima da Fadama da Sabon Zango da Madina, kada ka yarda wani ya sa ka ji kunyarta. Amma in kana son BBC Hausa, ko DW, ko RFI, ko TRT Afrika, ko Aminiya su karɓi rubutunka, dole ka ƙware a daidaitacciyar Hausa. Mu nan mukan saki bambancin namiji da mace a magana, mukan kuma rubuta ƙ da ɗ da ɓ babu lanƙwasa. A hira babu komai, a rubutu kuwa editan Kano zai gani tun layin farko. Ka sa allon rubutu na Hausa a wayarka, ka riƙa karanta labari ɗaya kullum da babbar murya, ka nemi wanda zai yi maka gyara ba tare da jin nauyinka ba. Bayan haka ka kama Faransanci. Togo da Burkina Faso da Kodebuwa, duk ƙasashen da suka kewaye mu da shi suke aiki, ga kuma Alliance Française a cikin Akra. Mai Hausa da Turanci da ɗan Faransanci, ga Twi ko Ga na titi, zai iya aiki daga Abijan har Yamai.

Game da soli, wato ambulan da ake miƙa wa 'yan jarida bayan taro, ba zan yi maka kwana-kwana ba: ka daina karɓa. Na san albashi ba ya kai wata, na san kuɗin motar haya ta trotro ma wani lokaci da shi ake komawa gida. Amma a fagen fasaha kamfanonin da kake rubutu a kansu 'yan kaɗan ne, kuma su ne masu ambulan ɗin. Ranar da layinsu ya cinye kuɗin talakawa, hannunka zai yi nauyi. Wayar da aka ba ka don gwaji, ka mayar in ka gama, in kuwa an bar maka, ka faɗa wa masu karatu. Manyan kafafen waje suna tambayar wannan, kuma labari yana zagayawa.

To yaya ake sayar da kayan? Ka zaɓi ayyukanka biyar mafi kyau ka tara su a shafi ɗaya mai sunanka, har da na rediyo, da ɗan taƙaitaccen bayani da Turanci. Sannan ka karanta kafar da kake nufi na tsawon wata guda kafin ka rubuta mata. TechCabal da Techpoint na Legas sun fi karkata ga kamfanoni da jari. Rest of World, wadda ta fara a 2020, tana son labarin yadda fasaha ke shafar mutane a wajen Turai da Amurka, irin na mai momo ɗin nan. The Continent tana son gajeren rubutu mai kaifi. Wasiƙar tayinka kada ta wuce sakin layi uku: ga abin da ke faruwa, ga waɗanda na riga na yi magana da su, ga dalilin da ya sa ni ne zan iya kawo shi, ga ranar da zan miƙa. Kada ka ce kana son yin rubutu a kan momo a Gana, wannan fage ne. Ka ce ka sami masu rumfa shida a Nima da suka daina karɓar manyan kuɗi bayan magariba saboda 'yan fashi, in dai ka same su da gaske. In mako ya wuce shiru, ka tuna musu sau ɗaya, sannan ka kai wani wuri.

Kafin ka rubuta kalma ɗaya, a rubuce ku yi maganar kuɗi: nawa ne, yaushe, ta wace hanya, kuma me za a ba ka in suka fasa bugawa. Na taɓa yin mako uku a kan wani bincike bisa alkawarin baki ta waya. Aka buga, aka yaba, editan ya bar wurin, wanda ya gaje shi ya ce bai ga wata yarjejeniya ba. Bashin da na ci na yi zirga-zirgar, wata biyar ina biyansa. Saƙo ɗaya na imel da ya hana wannan. Ka kuma tambayi bankinka yadda kuɗin waje ke shigowa da abin da za a yanke, domin ba kowace hanyar biya ta intanet ce ke aiki a Gana ba.

Yanzu tafiya. Ka fara da wadda aljihunka zai ɗauka, wato ta mota. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ka damar shiga ƙasashen ƙungiyar ka zauna har kwana 90 babu biza. Ka tanadi fasfo mai sauran wa'adi, da katin rigakafin shawara, da katin shaidar aikinka, da wasiƙa daga editan da ya aike ka. Daga Akra zuwa Aflao, ka tsallaka Lome, ka wuce Kwatano, ka shiga Najeriya ta Seme. Iyaka uku, kuɗi iri uku: sidi, sefa, naira. Ka canza kaɗan-kaɗan, ka raba su aljihu daban-daban, ka tsallaka da rana, kada ka ɗaga kyamara a bakin iyaka. Ka kwafe hirarrakinka zuwa ma'ajiyar intanet duk dare, domin waya tana iya ɓata ko a karɓe ta.

Kana da gatan da ɗan jaridar Landan ba shi da shi: duk garin da ka sauka akwai zango. Akwai a Lome, akwai a Kwatano, a Legas ga Agege da Idi-Araba, a Badun ga Sabo. Kafin ka tashi, ka je wurin dattijan unguwa, limami ko sarkin zango ko magajiya, ka ce Baba ko Hajiya, zan yi tafiya, wa kuka sani a can? Lambar waya ɗaya daga bakinsu ta fi otal, domin masauki ne da jagora da mai tsaya maka in wani abu ya taso. Ka riƙe musu ɗan goro, ka kuma dawo ka ba su labari. Ta hannun magajiya ne kuma za ka sami matan da za su yarda su yi magana da kai, in ba haka ba rabin labarinka zai ɓace.

Kada ka tafi sai da tayi aƙalla guda ɗaya da aka amince da shi, da wasu biyu a aljihu. Misali, bin sawun waya ɗaya daga Computer Village na Ikeja zuwa Tip Toe, ko zuwa Farm Centre a Kano. Ko yadda mai albasar Galmi ke karɓar kuɗinsa daga Adjen Kotoku, inda aka mayar da kasuwar albasa a 2021: ta banki ne, ta momo, ko ta hannun ɗan canji? A Akra ne sakatariyar kasuwar bai-ɗaya ta Afirka take, a nan kuma aka ƙaddamar da tsarin biyan kuɗi na PAPSS a watan Janairun 2022. Tazarar da ke tsakanin jawabin da aka yi a zauren taro da abin da mai albasa ke yi a zahiri, labari ne da editan tattalin arziki zai saya, ba na fasaha kaɗai ba.

Hanyar arewa tana buƙatar ƙarin hattara. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS a watan Janairun 2025, kuma hukumomin Yamai sun dakatar da RFI a 2023, suka dakatar da BBC na wata uku a ƙarshen 2024. Kada ka shiga can da rikoda sai ka sami izinin aiki a rubuce da ɗan jaridar gari da ya san yanayin makon. Ko a gida ma, kisan ɗan jarida Ahmed Hussein-Suale a Madina ranar 16 ga Janairun 2019 ya isa ya tuna mana cewa bincike yana da haɗari. In za ka taɓa 'yan damfarar momo ko masu manhajojin bashi marasa lasisi, irin waɗanda Babban Banki ya fitar da jerinsu a 2023, kada ka yi kai kaɗai. Ka nemi inuwar wata kafa kamar The Fourth Estate ta gidauniyar kafafen watsa labarai ta MFWA, ka kuma sanar da wani amintacce inda za ka da lokacin dawowarka.

Tafiyar jirgi kuwa, ka bari wasu su biya. MFWA tana da horon matasan 'yan jarida masu bincike, tana kuma shirya taro da kyaututtukan WAMECA a Akra. Jami'ar Wits ta Johannesburg ta shafe shekaru tana karɓar babban taron binciken jarida na Afirka, kuma tun watan Nuwamban 2023 mai fasfon Gana ba ya buƙatar biza don gajeriyar ziyara a Afirka ta Kudu. Masu ba da guraben nan aikin da ka riga ka yi suke dubawa, shi ya sa na ce ka fara da rumfar mai momo.

Ka ce kana son aiki mai faɗi. Akwai shi a gefen jarida ma: tantance labaran ƙarya da ke yawo cikin saƙon murya na Hausa, irin aikin Dubawa da GhanaFact, da fassarar manhajoji, da taimaka wa masu koya wa kwamfuta harsunanmu kamar Masakhane da Ghana NLP, da koyar da 'yan mata irin abin da Regina Honu ta fara a Nima da shirin Tech Needs Girls. Ka riƙe biyu ko uku, kada ka jingina da bango ɗaya komai girmansa. Twitter ta sanar da buɗe ofishinta na Afirka a Akra a 2021, aka yi murna, a watan Nuwamban 2022 ta sallami kusan duka ma'aikatan. Sashen Hausa na Muryar Amurka, wanda muka tashi muna ji tun 1979, ya yi shiru a watan Maris 2025 bisa umarni guda daga Washington. Sharaɗi ɗaya dai: kamfanin da yake biyan ka fassara, kada ka yi rahoto a kansa.

Saboda haka kada ka ajiye shirin rediyon yanzu. Shi ne ke sa a san muryarka a unguwa, shi ne ke buɗe maka ƙofofi. Ka nemi a ba ka minti biyar a cikinsa na kiran masu sauraro a kan matsalolinsu na waya da momo, ka riƙa rubuta abin da suka faɗa, daga nan tayinka na gaba zai fito. Ka ba kanka wata shida: labarai uku masu zurfi daga Nima da Mamobi da Circle, ɗaya aƙalla a kafar waje, da kuɗin zaman wata uku a ajiye. In sun cika, ka nemi hutun mako biyu, ka nemi albarkar iyaye, ka hau motar Aflao. Tayin farko kuma, in ka rubuta shi, ka turo mini in duba kafin ka aika.